Kare maciyi na nawa ne? Gardamar da ta taso daga aikin gida na wani yaro

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah malamai ku raba mu gardama ni da yarona. An ba su aikin gida a darasin bayoloji, aka jero musu dabbobi goma aka ce su sa kowacce a matakinta na sarƙar abinci: maciyi na farko, na biyu ko na uku. Akuya da saniya da fara ba su ba shi wahala ba, zaki ma haka. Da ya zo kan kare sai ya rubuta maciyi na biyu, malaminsu ya soke da jan biro ya rubuta na uku, babu wani bayani. Yaro ya dawo ransa a ɓace. Ya ce shi bai taɓa ganin karen maƙwabtanmu ya ci wani abu ba in ban da ƙanzon tuwo da ragowar shinkafa, to yaya za a yi ya zauna sahu ɗaya da zaki? Na ce masa malami ya fi shi sani. Amma da na kwanta jiya maganarsa ta hana ni sakat. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam Hajiya. Malamin ne da gaskiya. Ki dubi fiƙar kare kawai. Allah bai yi wannan haƙorin don tuwo ba.

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam. Hajiya, shekarata goma sha huɗu ina koyar da wannan darasin, kuma ina roƙon ki gaya wa yaronki cewa tambayar da ya yi ta fi amsar da aka nema daga gare shi daraja. Matsalar ba daga shi take ba, daga yadda aka tsara tambayar take.

Bari in faro daga tushe. Tsirrai su ne mataki na 1, don su ke haɗa abinci da kansu daga hasken rana da ruwa da iska. Duk wanda ya ci tsiro kai tsaye shi ne maciyi na farko, yana mataki na 2. A nan ma yara ke yawan rikicewa, lambar maciyi daban, lambar mataki daban. Wanda ya ci mai cin tsiro shi ne maciyi na biyu, wanda ya ci shi kuma na uku.

Yanzu ki ɗauki kare ɗaya ki bi shi yini guda. Da safe an zuba masa ɗumamen tuwon masara: masara zuwa kare, ya zama maciyi na farko, daidai da akuya. Da rana ya je bayan mahauta ya samu hanjin saniya: ciyawa, saniya, kare, ya zama na biyu. Da yamma ya kama ƙadangare, ƙadangaren nan ya ci fara, farar ta ci ganyen gero: ya zama na uku. Kare ɗaya ne, bai canja fata ba, amma ya taka matakai uku kafin rana ta faɗi. Mataki ba sunan yanka ba ne da dabba ke yawo da shi. Sai an nuna maka sarƙar tukuna za ka iya faɗin inda dabbar take a cikinta. Shi ya sa mai tsara jarrabawa da ya san aikinsa yake zana sarƙar da kibiyoyinta, sannan ya yi tambaya.

In kuwa dole sai an ba da amsa ɗaya ba tare da sarƙa ba, na biyu ya fi kusa da gaskiya fiye da na uku, domin naman da kare ya fi samu na masu cin ciyawa ne.

Ɗan Birni:
Malam, da girmanka, wannan ai kauce wa tambaya ne. Su kansu masanan sun sa kare a rukunin masu cin nama, tare da zaki da kura. Ko za ka ce ƙarya ne?

Likitar Dabbobi:
Ba ƙarya ba ne Ɗan Birni, amma abu biyu ka haɗa wuri ɗaya. Wancan rukunin na dangantaka ne, wato wa ya haɗa kaka da wa, ba lissafin abin da ke cikin kwano ba. Dabbar nan panda ta ƙasar Sin tana cikin wannan rukunin, da fiƙarta da komai, amma kusan duk abincinta gora ne. A sarƙar abinci maciyiya ta farko ce.

Maganar haƙori da ka yi gaskiya ce. Kare baligi yana da haƙora 42, kuma a gefen bakinsa akwai wasu turame da ke haɗuwa kamar almakashi don yanka nama. Hanjinsa gajere ne in ka gwada da na akuya. Asalinsa kyarkeci ne, ina nufin na Turai da Asiya, ba namu na dajin Afirka mai dabbare-dabbare ba. Sai dai zaman dubban shekaru a bayan gidan ɗan Adam ya bar masa alama a jiki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gwada ƙwayoyin gadon karnuka da na kyarketai. Akwai wata ƙwayar gado da ke sa jiki ya samar da sinadarin narkar da sitaci a hanji. Kyarkeci yana da kwafinta 2, karnukan da suka auna kuwa daga 4 har zuwa 30. Ka ga ke nan tuwon da yaron Hajiya yake gani ana zuba wa kare ba wucewa kawai yake yi ta cikinsa ba, yana narkar da shi yana amfana.

Wadda ba ta da wannan sauƙin ita ce kyanwa. Ita nama dole ne a gare ta. Akwai wani sinadari mai suna torin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, sai daga nama. In ta rasa shi tsawon lokaci idonta na lalacewa, zuciyarta ta yi rauni. Ko zaƙi harshenta ba ya ji. Na sha ganin mutane sun kulle mage a ɗaki suna ba ta shinkafa da miya kaɗai, sai ta bushe su kawo mana. Wadda ke yawo ɓeraye da ƙadangaru ne ke ceton ta.

Tunda maganar ragowar abinci ta taso: don Allah a rage zuba wa kare miya mai albasa da yawa, tana lalata masa jini. Cakulan da inabi ma kada a ba shi.

Baba Mafarauci:
Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi farauta da karnuka fiye da shekara arba'in, kuma yarinyar nan Likita ta faɗi gaskiya. Mu ba nama muke ba karnukanmu kullum ba, ina muka gan shi? Dusa ce da kunu da ƙanzo, in an samu tsala a zuba. Ranar da aka fita daji aka kama zomo ko gada, to kayan ciki da ƙashi nasu ne. Amma karen da ya daɗe bai lasa nama ba kana gani ka sani, gashinsa ya tashi, gudunsa ya ragu. Tuwo na riƙe shi, nama ke gina shi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kare sahu ɗaya yake da zaki. Kare abin ci ne a daji. Damisa ba ta da abin da take so kamar kare, kura ma haka. Na rasa karnuka biyu a bakin kura a dare ɗaya, kuma ɗayan shi ne mafi ƙwazo da na taɓa riƙewa. Wanda ake ci ba ya zama a ƙololuwa.

Malamin Sakandare:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan batun naka ya kawo wani bambanci da littattafan yara ba sa tsayawa a kai. Maciyi na uku daban, wanda ke ƙololuwa daban. Zaki yana ƙololuwa saboda babu mai farautarsa in ya girma. Amma me yake ci? Ɓauna, barewa, gwanki, duk masu cin ciyawa. In ka ƙirga, yawancin ranakunsa maciyi na biyu ne. Shaho da ya ɗauki macijin da ya haɗiye kwaɗon da ya ci fara ya fi zaki tsawon sarƙa a ƙarƙashinsa, ko da yake bai kai nauyin tafin zaki ba.

Ɗalibin Jami'a:
Malam ka ba ni dama in ƙara da lissafi, don a ajinmu ba ma cewa na biyu ko na uku kawai, da ɗigo muke faɗa. Ana ɗaukar matakin kowane abinci, a auna shi da yawan kason da yake da shi a cikin abin da dabbar ke ci, a tara, sannan a ƙara 1.

Misali ne kawai zan yi, ba awo ba. A ce karen maƙwabtan Hajiya kashi 70 cikin 100 na abincinsa tuwo ne, mataki na 1, kashi 30 kuma ƙashi da naman saniya, mataki na 2. Sai mu ce 0.7 sau 1, a haɗa da 0.3 sau 2, ya ba da 1.3. A ƙara 1, ya zama 2.3. Saniya tana 2 cif. Zakin da ke cin masu cin ciyawa zalla yana 3. Ke nan wannan karen ya fi kusa da saniya a kan zaki.

An yi wa ɗan Adam ma wannan lissafin. Wasu masu bincike daga Faransa sun fitar da shi a 2013, da alƙaluman abinci na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Matsakaicin mutanen duniya ya kama 2.21, kusan daidai da alade. Burundi, inda kusan duk abincin tsirrai ne, ta samu 2.04, Aisilan kuwa mai cin kifi da nama ta samu 2.57. Babu ƙasar da ta kai 3.

Ɗan Birni:
A'a, a nan kam na tsaya. Mutum da yake yanka raƙumi, yake kashe zaki, a ce masa yana ƙasa da kura?

Malam na Zaure:
Ɗana, kada ka ɗauki wannan tsani a matsayin tsanin daraja. Darajar ɗan Adam ba daga abin da yake taunawa ta zo ba. Wannan ƙidayar hannu nawa abinci ya bi ce kafin ya iso bakinka, ba ta wuce nan ba. Gero daga gona zuwa bakinka hannu ɗaya ne, nama hannu biyu.

Kuma in sanar da 'yan boko cewa lura da wannan al'amari ya daɗe. Al-Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9 miladiyya, a littafinsa na dabbobi ya yi bayanin yadda ɓera ke fita neman abin da ya fi shi rauni yana kuma gudun maciji da tsuntsaye masu farauta, da yadda mai farauta shi ma ake farautarsa. Wani abin sha'awa, babban yanki na farkon littafin gardama ce tsakanin mai kare martabar kare da mai kare martabar zakara. Ashe gardama a kan kare ba a wannan zauren aka fara ta ba.

Malamin Sakandare:
Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. A ɓangaren boko Charles Elton na Ingila ne ya tsara batun sarƙar abinci da dalar yawan dabbobi, wato yadda yawansu ke raguwa daga mataki zuwa na sama da shi, a 1927. Wanda ya shigo da lissafin ƙarfi kuwa wani matashi ne ɗan Amurka, Raymond Lindeman, da ya yi shekaru yana auna rayuwar wani ƙaramin tafki a jihar Minesota. Da farko mujallar da ya aika wa ta ƙi karɓar aikin. Daga baya aka buga shi a 1942, bayan ya rasu yana da shekara 26. Kullum in na zo nan a aji sai na tsaya na ba yara labarinsa.

Daga aikinsa aka samo ƙa'idar da ake koyarwa, cewa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ke wani mataki ne kaɗai ke hawa na gaba. Ba doka ce tsayayya ba, wani wuri ya fi haka, wani bai kai ba. Sauran yana tafiya a numfashi da zafin jiki da motsi da kashi. In ciyawa na da ƙarfi 1000, masu cin ta su samu 100, masu cin su 10, na gaba 1. Shi ya sa sarƙa a tudu ba ta cika wuce mataki huɗu ko biyar ba, kuma shi ya sa a gandun dajin Yankari za ka ga gwanki da ɓauna da yawa amma ka yi kwanaki ba ka ga zaki ba.

Baba Mafarauci:
Ai mu mun san wannan ba da alƙalami ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kare shida su yini suna bin zomo ɗaya, abin da suka ƙona a gudu ya fi abin da ke jikin zomon. Ba don dusar gida ba da babu mai iya riƙe garken karnuka. Ku duba yawan karnukan da ke kowane gari. Da nama kaɗai suke ci, da dajin da ke kewaye bai ishe su wata guda ba.

Likitar Dabbobi:
Baba ka taɓo zuciyar maganar. Karnuka a duniya ɗaruruwan miliyoyi ne, kyarketai kuwa dubban ɗaruruwa kawai. Kare ya yi yawa ne saboda ya sauko ƙasan dalar, ya zo yana ci daga rumbun mutum.

Ɗan Rugga:
Ina da tambaya ga Likita. Shanunmu da rani in suka tarar da tsohon ƙashi a daji suna taunawa, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kaji kuma suna cin gara da tsutsa har da 'yan ƙadangaru. Su ma sun bar matakinsu ke nan? Sannan kaskar da ke shan jinin karenmu, da carkin da ke cire kaska a bayan sa, ina za a sa su?

Likitar Dabbobi:
Sannu Ɗan Rugga. Taunar ƙashi alama ce ta ƙarancin sinadarin fosfaras a ciyawar wurin. Ba ƙarfi saniyar ke nema a ciki ba, gishirin jiki take nema, don haka matakinta bai motsa ba. Amma ka nema musu gishirin lasa, don ƙashin mushe yana iya ɗauke da guba mai shanye jiki. Inda aka tilasta wa shanu hawa mataki shi ne Ingila, da aka riƙa niƙa ragowar nama da ƙashi ana zuba musu a abinci. Daga nan ciwon haukan shanu ya yaɗu, aka gano shi a 1986, aka hana wannan abincin a 1988.

Kaza irin kare ce da mutum, mai cin komai. Tsaba ta sa ta na farko, gara ta sa ta na biyu. Kaska kuwa kullum tana hawa ɗaya sama da wanda take tsotsa. Ta jikin sa maciyiya ta biyu ce, carkin da ya cire ta na uku. Ta jikin zaki ta fi zaki mataki. Ka ga yadda abin ya bar zama sarƙa ya koma saƙa, zare ya shiga ta ko'ina.

Badamagare:
Daga Damagaram nake bin ku. Karnukan Buzaye na Azawak, dogayen nan masu siririn ciki, abin da maigida ya ci su ma shi ne nasu, hatsi da nono, sai ranar da aka kama zomo ko barewa. Nono fa, wane mataki ke nan?

Ɗalibin Jami'a:
Daga jikin saniya ko raƙuma ya fito, don haka lissafinsa ɗaya da nama. Mai shan sa maciyi na biyu ne a wannan kwanon. Furar da aka dama da nono kuwa mataki biyu ne a ƙwarya ɗaya.

Ɗan Mahauta:
Ku yi haƙuri in karkatar da maganar kaɗan, don abin ya daɗe yana damuna. Na tashi a mahauta, mahaifina ma a nan ya tsufa. Muna yara, kafin a gama fiɗa ungulaye sun cika kan katanga, abin da aka zubar ba ya kai azahar. Yanzu sai in yi shekara ban ga ko ɗaya ba. Wurin da suke tsayawa karnuka ne ke tsayawa, kuma sun ninka na da. Bara ɗaya daga cikinsu ya ciji ɗan maƙwabcina, sai da aka yi ta yawon neman allura. Ita ungulu wane mataki take, kuma me ya kore ta?

Likitar Dabbobi:
Allah ya ba yaron lafiya. Mai cin mushe ana ƙirga shi da abin da mushen yake, in na saniya ne to maciyi na biyu ne, bambancinsa kawai bai kashe ba. Abin da ya bari kuma tsutsotsi da buzuzu da ƙananan halittun ƙasa su ruɓar da shi ya koma taki, ciyawa ta sake tsirowa.

Abin da ka gani a mahauta ya faru a Indiya da girma. Tun shekarun 1990 ungulayensu suka fara zubewa, wasu irin suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Daga baya aka gano dalilin: maganin ciwon jiki dikilofenak da ake yi wa shanu. In saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta tsaya. An hana yi wa dabbobi shi a 2006. Mushen da ungulu ta bari karnukan titi suka gada, suka hayayyafa, cizo ya ƙaru. Ungulu tana cinye mushe cikin ɗan lokaci, cikinta mai tsami yana kashe yawancin cututtuka, kuma ba ta shiga gida ta yi wasa da yara. Kare yana shiga. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan duk haukan kare da ke kama mutane daga cizon kare ne, kuma yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya.

A wajenmu babban abin da ke cin ungulu shi ne guba da kuma masu sayen kanta da sassan jikinta don tsubbu. Irin wadda ka saba gani a mahauta an sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015. A 2020 an tsinci gawarsu kusan 2,000 a Gini Bisau, guba aka sa musu.

Baba Mafarauci:
Innalillahi. Ni na ɗauka ƙaura suka yi. A kasuwa na sha ganin busasshen kanta a shimfiɗe, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Ɗan Mahauta:
Na gode Likita. Zan kai maganar gaban shugabanninmu ranar Juma'a, ko a samu a haƙa rami a riƙa binne abin da ake zubarwa a maimakon a bar wa karnuka. In akwai ranar da kuke yi wa karnuka allurar rigakafi ki sanar da mu.

Ɗan Birni:
Na sauka daga na uku. Amma har yanzu ina ganin kare a halittarsa mai cin nama ne, zama da mu ne ya koya masa tuwo.

Likitar Dabbobi:
Wannan kam ko a cikinmu likitoci akwai masu ra'ayinka, suna cewa mai cin nama ne da ke iya rayuwa da wani abin. Wasu kuma suna cewa mai cin komai ne. Ba a gama wannan gardamar ba. Ɗan Mahauta, zan sa ranar a nan da zarar an tsayar.

Maman Tagwaye:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yaron duka, har ya ɗauko takarda ya zana sarƙoƙi uku, kare a ƙarshen kowacce: ta masara, ta saniya, ta ƙadangare. Ya ce gobe zai kai wa malaminsu. Na ja masa kunne ya je da ladabi, ya same shi a ofis bayan an tashi, ba a gaban 'yan aji ba. Malam, ya ce in tambaye ka, in kibiya zai zana tsakanin saniya da kare, kanta wajen wa zai kalla?

Malamin Sakandare:
Wajen kare, Hajiya. Kibiya tana bin hanyar da abincin ya bi, daga wanda aka ci zuwa wanda ya ci. Ya duba ta ƙadangaren da kyau, kibiyoyi uku za ta ɗauka.